Sammacin Da Ya Makara

Direban da ya keta danja tsakanin Babban Giji da Gyadi-Gyadi, 'yan KAROTA ne ke tsai da shi nan take. A Ingila kuwa kyamara ke ɗaukar lambar mota, sa'an nan a aiko takarda ta gidan waya. Amma dokarsu ta 1988 ta ce lalle takardar ta isa ga mai mota cikin kwana 14. In ta makara, alhali adireshinsa daidai yake, yana da bakin magana gaban alƙali, gama wa zai tuna wanda ya tuƙa motarsa wata uku baya? Don haka mai hankali ba ya yar da ambulan, hatimin gidan waya shi ne shaidarsa. To, malamai, in za mu aro kyamara, mu aro har da wa'adin.