YADDA YAWAN SAMU KE ƘARA WA TSOFAFFI KUƊIN INSHORAR LAFIYA A AMURKA

A shekarar 1965 ne Shugaba Lyndon Johnson na Amurka ya sa hannu kan dokar da ta kafa Medicare, watau shirin inshorar lafiya na gwamnati domin waɗanda suka kai shekara 65 da haihuwa. Sashen A na shirin ya shafi kwanciya a asibiti, kuma wanda ya yi aiki ya biya harajin shirin har shekara 10 ba a karɓar kuɗin wata daga hannunsa. Sashen B kuwa, mai ɗaukar nauyin ganin likita da gwaje-gwaje, wata-wata ake biyansa, galibi ta hanyar cirewa daga fanshon da gwamnati ke ba mutum.

Da can kuɗi guda aka yanka wa kowa. Daga shekarar 2007 sai aka soma duba samun mutum. Mai matsakaicin hali yana biyan kimanin kashi 25 cikin ɗari na abin da sashen ke ci, gwamnati ta cika sauran. Mai wadata kuwa rabonsa hawa-hawa ne, daga kashi 35 har zuwa 85. A shekarar 2011 aka shimfiɗa irin wannan ƙari a kan Sashen D, na sayen magani.

Alal misali, a shekarar 2025 kuɗin Sashen B dala 185 ne a wata. Wanda samunsa na shekara ya haura dala 106,000, ko dala 212,000 ga mata da miji masu haɗa takardar haraji, an ɗora masa dala 259. Na ƙololuwa sun biya dala 628.90. Matakan nan ba su da sassauci: ko da dala ɗaya mutum ya ƙetare iyaka, kuɗin mataki na gaba gaba ɗayansa zai hau kansa.

Abin da ya fi rikita tsofaffi shi ne, takardar harajin shekara biyu da suka wuce hukuma ke dubawa. Saboda haka dattijon da ya ajiye aiki bana yana iya ganin an yanka masa kuɗi bisa albashin da tuni ya daina karɓa. Wannan kam da nauyi, amma doka ta bar ƙofa. Wanda ya bar aiki, ko aka rage masa shi, ko ya yi aure, ko aurensa ya mutu, ko abokin zamansa ya rasu, yana da ikon cika takarda mai lamba SSA-44, ya haɗa da shaida, ya roƙi a yi lissafi da samunsa na yanzu. Ribar sayar da gida don son rai ba ta cikin waɗannan dalilai. Sai dai tun da kowace shekara ake sake lissafi, ƙarin yakan faɗi idan samun ya koma yadda yake.