Yadda Raƙuman Ruwa Ke Sāke Gaɓar Tafkin Tiga

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Bebeji da Tudun Wada ta sami abin da ba ta saba da shi ba, watau gaɓa wadda raƙuman ruwa ke duka dare da rana. Ya kamata Hakimai da Malamansu su san halinta, gama gardamar iyakar gona takan taso daga nan.

Iska ce ke tā da raƙuman ruwa, girmansu kuwa gwargwadon ƙarfinta ne da nisan da ta yi bisa ruwa. Da hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, sai dukan ya faɗa wa gaɓar kudu maso yamma. Da damina abin ya juya.

Manyan raƙuma sukan yanke gindin gaɓa, su ja rairayi zuwa ciki, su jibge shi ƙarƙashin ruwa kamar kunya. Ƙanana kuwa su riƙa komo da shi sannu sannu. Inda akwai tsakuwa gangaren yakan yi tsaye, inda rairayi ke da laushi sai ya kwanta. Laka ba ta zama ko kaɗan, can cikin zurfi take tafiya, ta haɗu da wadda kogi ya kwaso daga wajen duwatsun Riruwai.

Injiniyoyi suna gwada wannan cikin dogon kwami. Su zuba rairayi, su kaɗa ruwa da inji, su auna siffar da gangaren ya tsaya a kai. Yanzu akan yi lissafin da kwamfuta. Wani mutumin Danmak, Per Bruun, ya bayyana cikin 1962 cewa in ruwa ya hau, gaɓa takan ja baya ninkin hawan sau da yawa. Bakin teku ya nufa, Tiga kuwa ruwanta hawa yake da sauka kowace shekara, saboda haka lissafin ba ya wadatarwa sai da awo a wurin.

Awon ba wuya. Malamin Hakimi ya kafa turke nesa da ruwa, ya auna ƙafa nawa ne zuwa bakin gaɓa, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya da bazara, ya rubuta a littafi. Inda tazarar ke raguwa, Dagaci ya gargaɗi talakawa kada su gina rumbu ko su haƙi yashi a nan.