Yadda Ake Fentin Sojojin Wasan Tebur: Matakan Farko

A Ingila da Amurka da Jamus, ana samun magidanta da matasa da ke taruwa a kan babban tebur su jera ƙananan sojoji na roba ko ƙarfe, su gwabza yaƙi bisa dokoki, da ma'aunin tsawo da ƙwayar jefa lamba. Asalin abin daga Furushiya yake, inda aka gabatar wa hafsoshin soja wasan Kriegsspiel a 1824 don koyon dabarun yaƙi. Marubucin nan H. G. Wells ya fitar da dokokin wasan ga jama'a a littafinsa Little Wars a 1913. Yau kuwa kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma hedikwatarsa take Nottingham, shi ne uban tafiya, musamman da wasansa Warhammer 40,000 na 1987.

Sojojin kan zo ba launi. Mai su ne zai haɗa su ya yi musu fenti, kuma yawancinsu tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. Nan ne sabon shiga kan karaya, yana neman zana ƙwayar ido a fuskar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Alhali a lokacin wasa, daga nisan kamu biyu ake kallon soja. Abin da ido ke kamawa daga can shi ne bambancin haske da inuwa, da tsaftar launi, da ƙasar da sojan ke tsaye a kai.

Aikin yana farawa kafin a buɗe kwalbar fenti. Za a kankare siririn layin da mazubi ya bari a jikin sojan da bayan wuƙa, a wanke shi da sabulu idan na ƙarfe ne ko na resin, don maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. Sai a fesa masa fentin shimfiɗa, daga nesa, sama-sama. Baƙi yana rufa asirin wuraren da buroshi bai kai ba, fari yana sa launuka su fito rangaɗau, ruwan toka kuma yana tsakani.

Fentin akirilik ake amfani da shi, irin na Citadel ko na Vallejo daga Sifaniya, domin da ruwa ake tsinka shi kuma yana bushewa cikin mintuna. Babban kuskuren masu koyo shi ne ɗiban fenti kai tsaye daga kwalba. Kaurinsa yana cike ƙananan sassaƙe, maɓallan riga da gashin baki su ɓace. Sai a tsinka shi ya koma kamar madara, a shafa sau biyu, a bar na fari ya bushe tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Dabaru biyu ne ke raya soja. Ta farko ita ce wankin inuwa: ruwan fenti mai duhu, tsinkakke sosai, wanda ke gangarawa ya kwanta a lunguna, a ninkin tufafi da tsakanin yatsu. Ta biyu ita ce busasshen buroshi. A ɗebi launi mai haske, a goge shi a ƙyalle har ya kusa ƙarewa, sannan a riƙa shafar sojan a hankali. Tudun sassaƙen ne kaɗai zai kama launin, sulke da gashin dabba su fito fili. A ware wa wannan aiki tsohon buroshi, don yana cinye gashinsa. Tun 2019 kuma akwai fentin Contrast, wanda ke ba da launi da inuwa a shafa ɗaya idan shimfiɗar mai haske ce.

Saura tushe, wato faifan da sojan ke tsaye a kai. A shafa farin gam na kafintoci, a tsoma a busasshen yashi da aka tankaɗe, a kakkaɓe. Idan ya bushe, a yi masa fentin ruwan ƙasa mai duhu, a bi da busasshen buroshi, a liƙa ɗan tuntun ciyawar roba. Tushe yana faɗin inda ake yaƙin. Kamfanin Perry Miniatures yana ƙera mayaƙan Mahadi na Sudan na shekarun 1880, waɗanda rairayi da tsakuwa suka dace da su, yana kuma ƙera sojojin Napoleon masu janyewa daga Mosko a 1812, waɗanda sai da dusar ƙanƙara. Gefen faifan a yi masa launi ɗaya a dukan rundunar, don su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

A ƙarshe a fesa man kariya marar ƙyalli, tunda hannuwa za su yi ta ɗaukar sojan. A guji fesawa ranar da iska ke da laima, don yakan bar farin hazo. Mai koyo ya ɗauki sojoji biyar ko goma a tare, ya gama launi ɗaya a kansu duka kafin ya koma na gaba. Da haka hannu ke faɗawa, rundunar kuma ta isa tebur da wuri.