Yadda "Riɗi" Yake Lalacewa a Cikin Fom

Hausawa da yawa suna zaune a Gadarif, a gabashin Sudan, inda ake noman dawa da riɗi. A ce an rubuta manhaja da za ta cika fom na manoman wurin, sunan manomi da Larabci, amfanin gonarsa da boko. Nan matsala take farawa.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin Windows-1256 yana da haruffan Larabci, amma babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsa. Idan aka adana fom da shi, "riɗi" yakan koma "ri?i", kuma ɗ ya tafi ke nan har abada.

Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa. Ta ɗ ita ce 0257. A tsarin UTF-8 ana rubuta ta da bayit biyu, C9 97. Idan mai buɗe fayil ya ɗauka Windows-1252 ne, sai ya ga "riÉ—i". Wannan kam da sauƙi, don bayit ɗin suna nan, karatun ne aka yi ba daidai ba.

Fayil na FDF, wanda yake cika fom na PDF, yana da tasa ƙa'idar: a rubuta kalmar da UTF-16BE, a sa FE FF a gabanta. Masu rubuta manhaja sukan manta da waɗannan bayit biyu.

Kada ɗalibi ya guje wa wahalar ta hanyar cire lanƙwasa. "Baƙi" da "baki" ba abu ɗaya ba ne.