TURBAR GINDIN DUTSE: YADDA MUTANEN BOISI SUKA YI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata turba, gama na ga akwai abin lura a ciki.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Aidaho, akwai wani birni ana ce da shi Boisi, shi ne babban birnin jihar. Arewa da shi tuddai ne jere, suna hawa har su kai ga manyan duwatsu. Da birnin ya yi ta cika, sai aka soma yanka tuddan nan ana gina gidaje. Mutanen gari suka ga in aka yi sake, wurin da su ke fita shan iska zai koma bayan shinge.

Wanda bai sani ba sai ya ce sarar turba aikin gatari da fartanya ne kurum. Ba haka ba ne. Babbar wahala ita ce ƙasar da turbar za ta ratsa, domin wani yanki na birni ne, wani na gunduma, wani na jiha, wani na gwamnatin tarayya, wani kuwa na masu kiwo. Saboda haka a 1992 hukumomin suka haɗa kai, suka kafa shiri guda mai suna Ridge to Rivers, watau daga tudu zuwa kogi, don turbobin su zama a hannu ɗaya.

Saura kuɗi. A 2001 hukumar birni ta tambayi jama'a: kun yarda a ƙara muku harajin gidaje shekara biyu, a tara dala miliyan 10 don sayen tuddai? Aka jefa ƙuri'a, mutum 59 cikin 100 suka yarda. Jama'a, ku duba fa, mutane ne suka ɗora wa kansu haraji da hannunsu! Da kuɗin nan, da musayar filaye, da kyautar waɗansu, aka tsare fiye da eka 10,000. A 2015 aka sāke tambayarsu, wannan karon 74 cikin 100 suka yarda. Me ya ƙara yawansu? A ganina sun ga abin da kuɗinsu na fari ya yi, ai gani ya kori ji.

Cikin filayen da aka saya akwai wani mai suna Hawkins, kusan eka 400. A nan aka sari sabuwar turba mai kewaye, kusan mil 6, aka buɗe ta a 2023. Da hunturu a kan rufe ta, don namun daji irin su barewa da ke gangarowa daga duwatsu su sami sakewa.

Ga yadda gwanaye ke sarar irin wannan turba. Ba a miƙe ta sama sak, don ruwan sama zai bi ta ya mai da ita kwazazzabo. Sai a bi da ita ta gefen tudu a karkace, a ɗan jirkita bayanta waje, a yi mata 'yan gangare nan da can, ruwa ya tsallake ya wuce. Ko da ya ke ruwan Boisi bai fi kamar inci 12 a shekara ba, wani wurin yumɓu ne. In aka taka shi da danshi sawu ya kan bushe ya zama rami, masu zuwa baya su kauce, turba ta yi ta faɗi tana cin ciyawa. Don haka a ke roƙon mutane su haƙura da ita ranar taɓo.

Yanzu turbobin nan sun kai wajen mil 200. Abin da na fahimta shi ne, a fara tsare ƙasa tun ba ta yi tsada ba, a nemi yardar masu biya, a nuna musu inda kuɗinsu ya shiga, sa'an nan a ɗauki fartanya. Wanda ya san da guminsa a cikin abu, ba ya barinsa ya lalace.

 

Naka,
Wani Akawu.