Ɗan ƙwaron da ke kashe tsofaffin bishiyoyin unguwannin Cape Town

Duk wanda ya ratsa unguwannin Newlands da Rondebosch da Claremont a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne inuwa. Manyan bishiyoyi sun yi wa tituna rumfa, wasunsu sun girmi gidajen da suke tsaye a gabansu.

Amma a 'yan shekarun nan masu gidaje da dama na fuskantar zaɓi mai ɗaci. Ko dai su sare bishiyar da suka tarar a gidan, ko kuma su bar ta ta zama matattarar wani ƙwaro da zai hallaka na maƙwabta.

Ƙwaron da ya jawo wannan hali tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, wato kamar ƙwayar riɗi. Masana na kiransa Euwallacea fornicatus, kuma asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne.

Yadda ya shigo

A shekarar 2017 ne Dakta Trudy Paap, mai bincike a Jami'ar Pretoria, ta gano shi a wani lambun tsirrai na gwamnati da ke Pietermaritzburg a lardin KwaZulu-Natal. Kafin nan ya riga ya yi ɓarna a jihar Kalifoniya ta Amurka da kuma Isra'ila.

Cikin 'yan shekaru aka tabbatar da shi a larduna 8 daga cikin 9 na ƙasar. A 2019 ya ɓulla a Somerset West, garin da ke kusa da gaɓar tekun False Bay, sannan a watan Janairun 2023 aka same shi a Newlands.

Wani bincike da masana na Jami'ar Stellenbosch da abokan aikinsu suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa idan ba a taka masa birki ba, asarar za ta iya kai wa rand biliyan 275 cikin shekara 10. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi zai tafi ne wajen sarewa da kwashe matattun bishiyoyi a birane.

Ba itacen yake ci ba

Abin mamaki shi ne ƙwaron ba ya cin itace kamar yadda gara ke yi. Macen ce ke huda ɓawon bishiya ta haƙa ramuka zuwa ciki, tana ɗauke da wata irin funfuna mai suna Fusarium euwallaceae. A cikin ramukan take shuka funfunar, ita da 'ya'yanta su riƙa ci.

Wannan funfuna ce ke toshe hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Sai reshe ya fara bushewa daga sama, wani ya biyo baya, har bishiyar ta mutu tana tsaye. Ramukan kuma suna raunana rassa, ta yadda iska kaɗan za ta iya karya su.

Yadda yake hayayyafa shi ne ya sa yake da wuyar sha'ani. Mazan ba sa tashi, a cikin ramin suke barbarar 'yan uwansu mata. Saboda haka macen da ta fito daga bishiya a shirye take ta kafa sabon gida. Ƙwaro ɗaya tak a cikin guntun itace ya isa ya buɗe sabon babin annoba a wata unguwa.

Abin da ya sa tsofaffin bishiyoyi suka fi shan wahala

Yawancin manyan bishiyoyin waɗannan unguwanni ba 'yan ƙasa ba ne. Turawan Holan ne suka fara kawo bishiyar oak daga Turai a ƙarni na 17, har ta kai ana yi wa garin Stellenbosch, wanda aka kafa a 1679, laƙabi da birnin oak. A gonar Vergelegen da ke Somerset West akwai wata oak da ta haura shekara 300.

Sai dai yanayin yankin ya fi na Turai ɗumi, don haka oak na saurin girma a can, kuma da ta tsufa sai cikinta ya riƙa ruɓewa ya zama kogo. Ga iskar kudu maso gabas mai ƙarfi da ke kaɗawa daga teku a lokacin zafi tana busar da ƙasa, ga guguwar hunturu tsakanin Yuni da Agusta. Farin da aka yi daga 2015 zuwa 2018, lokacin da birnin ya kusa rufe famfunansa, shi ma ya bar bishiyoyi da yawa a galabaice.

Bishiyar da ƙishi da tsufa suka riga suka raunana ba ta da ƙarfin jure hari. Kuma oak ɗin Ingila na cikin nau'o'in da ƙwaron ke iya hayayyafa a jikinsu, tare da boxelder da London plane da willow. Haka nan yana son zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, kuma yana kama bishiyar fiya.

Alamomin da mai gida zai duba

Alama ta farko ita ce ƙananan ramuka zagayayyu a jikin ɓawo, girman bakin biro. Sau da yawa akan ga jiƙaƙƙen tabo mai duhu kewaye da ramin, ko ƙaro yana tsattsafowa, ko garin itace mai laushi ya taru a tsagar ɓawo da gindin bishiya. A jikin fiya kuwa wani farin abu kamar sukari ne ke taruwa a bakin ramin.

Idan aka kankare ɓawon kaɗan aka ga itacen da ke ƙarƙashi ya yi duhu, alama ce ta cewa funfunar ta kama. Hukumar birnin Cape Town na buƙatar mazauna su ɗauki hoto su kai rahoto ta shafinta na intanet.

Babu maganin da ke warkarwa

A nan ne masu gidaje da yawa ke yin asarar kuɗi. Feshin magani a jikin ɓawo ba ya kai wa ga ƙwaron da ke can cikin itace. Akwai allurar da ake yi wa kututture, wadda gwaje-gwaje a Kalifoniya suka nuna tana rage hari idan an yi ta da wuri, amma sai an riƙa maimaitawa, kuma ba ta kawar da shi. Hukumar Cape Town ta sha gargaɗin cewa ba a tabbatar da wani magani da ke raba bishiya da ƙwaron ba.

Don haka bishiyar da ta kamu sosai, kuma tana cikin nau'in da yake hayayyafa a jikinsu, sarewa ce makomarta. Idan a filin gwamnati take hukuma ce ke ɗaukar nauyi, idan kuma a cikin gida take, aljihun mai gidan ne zai ji a jikinsa.

Sarewar ma ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin ƙwaron na ci gaba da rayuwa a cikin gungumen har tsawon watanni. Ana so a niƙe itacen da inji a inda aka sare shi. Masana a Kalifoniya na ba da shawarar kada gutsattsarin su wuce santimita 2.5. Daga nan a ƙulle su a leda a bar su a rana na aƙalla mako 6 a lokacin zafi, a lokacin sanyi kuwa har watanni. Zarto da gatari da injin niƙa duk sai an tsabtace su kafin a kai su wani gida.

Babban kuskure shi ne a faskara itacen a sayar ko a yi kyautarsa. Mutanen Afirka ta Kudu na da al'adar gashin nama a waje da suke kira braai, kuma sukan ɗauki itace a bayan mota zuwa wuraren shaƙatawa masu nisa. Ƙwaron da ba ya iya dogon tashi da kansa, ta haka yake tsallake ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa saƙon hukumomi yake a taƙaice: ka sayi itace a inda za ka ƙona shi.

Kula da waɗanda suka rage

Bishiyar da ba ta kamu ba, ko wadda harin bai yi nisa a jikinta ba, tana da sauran kwana idan an kula da ita. Masu aikin kula da bishiyoyi na cewa a riƙa ba ta ruwa mai yawa jefi-jefi domin ya ratsa ƙasa, maimakon yayyafi kullum. A shimfiɗa busassun ganye ko takin gargajiya a ƙarƙashinta, amma kada su taɓa kututturen.

Kada a malala siminti a kan saiwoyinta, kada kuma a mayar da gindinta wurin ajiye mota, domin ƙasar da ta daddale ba ta shan ruwa. Wajen rage rassa, tsohuwar bishiya ba ta jure aski mai yawa, kuma guntule mata kai gaba ɗaya na buɗe ƙofar ruɓa. Naman kaza a gindi, ko tsaga a mahaɗar manyan rassa, ko karkacewar da ba a saba gani ba, duk dalilai ne na kiran ƙwararre kafin lokacin guguwa.

Wanda ya sare tasa kuma ana ba shi shawarar ya maye gurbinta da nau'in da ƙwaron ba ya hayayyafa a jikinsa, kuma kada titi guda ya cika da iri ɗaya kamar yadda aka yi a baya.

Abin da ya faru a birnin Perth na Ostareliya ya nuna girman aikin. An gano ƙwaron a unguwar East Fremantle a watan Agustan 2021, aka sare dubban bishiyoyi, amma a watan Yunin 2025 hukumomi suka amince cewa kawar da shi baki ɗaya ba zai yiwu ba, sai dai a rage yaɗuwarsa.

A Cape Town ma abin da ake fata ke nan. Yawan inuwar da za ta rage a Newlands nan da shekara 20 ya dogara ne a kan ko mai gida zai duba ɓawon bishiyarsa da wuri, da kuma inda zai kai gungumen idan ya sare.