In An Gayyace Ka Bikin Auren Mabiya Addinin Sikh

Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya, Ingila da Kanada don karatu, ciniki ko neman magani. A can sukan yi abota da mabiya addinin Sikh, waɗanda ake gane mazansu da rawani da gemu. Wata rana abokin aiki ko maƙwabci zai miƙo maka katin biki. Kafin ka amsa, ya kamata ka sani cewa ɗaurin aurensu ibada ce da ake yi a ɗakin sujada, kuma baƙon da bai san ƙa'ida ba yana iya kunyata wanda ya gayyace shi.

Guru Nanak, wanda aka haifa a shekarar 1469 a yankin Punjab, shi ne ya kafa wannan addini. Bayansa an yi malamai tara, kuma na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, ya bar wasiyya a 1708 cewa littafinsu mai tsarki, watau Guru Granth Sahib, shi ne zai zama jagoransu har abada. Saboda haka littafin nan ne tsakiyar bikin. Suna kiran ɗaurin auren Anand Karaj, kuma dokar Indiya ta amince da shi tun 1909.

Yawanci da safe ake yi, a ɗakin sujadarsu da ake kira gurdwara. Ango yakan iso da ayarin danginsa, dangin amarya su tarye su a ƙofa, a yi addu'a, sa'an nan iyaye maza da kawunai su rataya wa juna furanni su rungumi juna. Wannan shi ne milni. Daga nan a sha shayi kafin a shiga.

Kafin ka shiga sai ka tuɓe takalma, ka wanke hannu, ka rufe kanka. Mace ta yafa gyale, namiji ya ɗaura ƙyalle. In ba ka zo da naka ba, akwai a bakin ƙofa. Hula hana-salla ko malafa ba ta wadatar. Kada ka shiga da taba ko giya, ko da a aljihu ne, domin addininsu ya hana taba ƙwarai. Ka sa tufafi masu rufe jiki kuma masu yalwa, gama a ƙasa za a zauna har wajen sa'a guda ko fiye. An fi son launuka masu haske. Ja na amarya ne, fari kuwa a al'adar Indiya yana tafiya da makoki, don haka gara a kauce musu.

A ciki za ka ga littafin a kan gado ƙarƙashin rumfa. Mabiya sukan je gabansa su sunkuya har goshi ya taɓa ƙasa, su ajiye ɗan kuɗi. Ba a tilasta wa baƙo mai wani addini ya yi haka ba. Ka wuce cikin natsuwa ka nemi wuri. Maza sukan zauna gefe guda, mata gefe guda. Kada ka miƙe ƙafafu wajen littafin, kada ka juya masa baya kana zaune, kuma ban da hira ko tafi.

Sai uban amarya ya ɗauki bakin mayafin da ke kafaɗar ango ya danƙa a hannun 'yarsa. Za a karanta baiti huɗu da ake kira laavan, waɗanda malaminsu na huɗu, Guru Ram Das, ya tsara. Bayan kowane baiti, ango a gaba amarya a baya, su kewaya littafin sau ɗaya. Da an gama zagaye na huɗu aure ya ɗauru. In jama'a sun miƙe don addu'a, kai ma ka miƙe.

A ƙarshe za a raba wata alewa mai ɗumi ta garin alkama, sukari da man shanu, mai suna karah parshad. Da hannu biyu ake karɓa. In ba ka iya ci da yawa, ka roƙi kaɗan tun kafin a zuba, domin zubar da ita raini ne. Daga nan sai langar, abincin da ake ba kowa kyauta, babu nama a ciki, kuma attajiri da talaka a layi ɗaya suke zama.

Game da gudummawa, kuɗi a ambulan ya isa. Sukan so adadin ya ƙare da ɗaya, kamar 51 ko 101. Da yamma akan yi walima a wani zaure da kiɗa da rawar bhangra. Lokacin da amarya za ta bar gidan iyayenta takan watsa shinkafa ta bayan kafaɗarta, dangi suna kuka, kamar yadda muka saba gani ranar kai amarya.

Abin da ya shige maka duhu, tambayi wanda ya gayyace ka tun kafin ranar. Matambayi ba ya ɓata.